Agogon Baba Mai Guga

Baba Mai Guga bai taɓa ɗaura agogo yadda mutane ke ɗaurawa ba. Fuskar agogonsa kullum ciki take kallo, ta kwanta a kan jijiyar wuyan hannunsa na hagu. In yana son ganin lokaci ba ya ɗaga hannu. Sai dai ya juya tafinsa a hankali, kamar mai duba ko an fara yayyafi, ya saci kallo, ya mayar da hannun kan tufa. Wanda ke tsaye yana jiran rigarsa ba zai san an duba lokaci a gabansa ba.

A ɗakin wanki na wani otal ya koyi haka, tun yana saurayi. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, sai tururi da rurin injuna. Matar da ke shugabancin wurin ba ta son ganin ma'aikaci yana duba agogo, ga shi kuma gilashin agogo in yana kallon waje yakan bugi bakin inji ya tsage. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi, a nan kuma injuna suka cinye masa rabin ji ba tare da ya lura ba. Da otal ɗin ya canza hannu aka sallami tsofaffi, sai ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matattakalar wani bene, jikin shagon mai gyaran waya.

Shagon bai fi a juya a cikinsa ba. Tebur ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin zanen gado, sai dutsen guga, sai kwalbar fesa ruwa, sai wani dogon bututun ƙarfe daga bango zuwa bango inda ake rataye abin da aka gama. Soket ɗaya ne a bangon, na dutsen guga. A bakin ƙofa akwai 'yar kujera, wurin zaman maiɗakinsa. Ita ke maƙala maɓallin da ya tsinke, ita ke ɗinke aljihun da ya ɓarke. Ba masu yawan hira ba ne su biyun. Amma duk sanda ya gama riga ya miƙa hannu ya rataye ta, takan ce, "Madalla," ko ɗago kai ba ta yi. Da ta rasu bai ɗauke kujerar ba. Masu kawo kaya sukan ajiye ledarsu a kai, shi kuma sai ya ɗauke ya sa a ƙarƙashin tebur.

'Ya'yansa biyu ne. Babban yana aiki a wani ofis can ɗaya gefen garin, yana da gida mai ɗakin baƙi wanda ba kowa a ciki. Auta kuwa aure ya kai ta wani gari mai nisa. Ta saya masa waya, amma wayar a aljihun tebur take wuni, ta yi ta kuka ba ya ji. Haka aka yi ta tafiya har ranar da jiri ya kwashe shi yana tsakiyar aiki. Mai gyaran waya ne ya ji faɗuwar ta bango, ya shigo ya same shi a ƙasa, dutsen guga yana cin bargo.

Bayan an sallamo shi daga asibiti Auta ta zo. Ta same shi ya riga ya buɗe shago.

"Baba, miƙo hannunka."

"Me za ki sa mini, ankwa?"

"Ita ce. Miƙo dai."

Ta cire tsohon agogonsa, ta ɗaura masa wani baƙi mai faffaɗar fuska, ba lamba, ba hannu, kamar an yanko guntun dare an sa masa maɗauri. Na mijinta ne, ya yi sabo ya ajiye wannan. Ta kama hannun mahaifinta ta ɗaga shi da sauri, ta juyo shi wajen fuskarsa. Sai baƙin gilashin ya kawo haske. Ga lokaci a rubuce, a bayansa kuma ga hoton 'yar Auta tana dariya, haƙoran gaba sun zube.

"Kai, Mai Giɓi ce! Wa ya sa ta a nan?"

"Ni. Ka ga, ba sai ka taɓa komai ba. Ka ɗaga hannu kawai, zai buɗe. In na kira kuma zai yi ta motsi a jikinka, ko ba ka ji ƙara ba za ka ji shi." Ta zauna a bakin tebur, ta sassauta murya, sannan ta tuna ba zai ji ba ta sake ɗaga ta. "Baba, Yaya cewa ya yi a rufe shagon nan ka koma wurinsa. Ni na roƙe shi. Na ce in dai ina kiranka kowace yamma kana ɗauka, a bar ka da aikinka. Ya yarda. Amma ran da na kira na ji shiru, ba ni da sauran bakin magana. Ka ji?"

"Wannan kam na ji," in ji shi.

Motarta ba ta gama fita layin ba ya kwance agogon ya juya fuskarsa ciki.

Daga nan suka fara zaman doya da manja, shi da agogon. Zai juya tafinsa a hankali yadda ya saba, gilashin ya tsaya baƙi ƙirin yana nuna masa fuskarsa. Ya sake juyawa, shiru. Wani lokaci sai a karo na uku ya buɗe, wani lokaci ya ƙi sam, sai ya ajiye dutsen guga ya lalubi ɗan maɓallin da ke gefe da yatsa mai kanta. Amma in ya kaɗa riga zai shimfiɗa, ko ya miƙa hannu sama zai rataye ta a bututu, sai haske ya kawo ba a tambaye shi ba, Mai Giɓi ta yi masa dariya, ta ɓace kafin ya sauke hannu.

Ya kai ƙara wurin maƙwabcinsa. Mai gyaran waya mutum ne mai ƙiba da sanƙo, kullum da gilashin ƙara gani a goshi. Likita ne sunan da Baba yake kiransa da shi.

"Likita, duba mini wannan mara kunyar. In na kira shi ba ya amsawa, in ban kira shi ba sai ya tsoma baki."

"Ai halinka ya ɗauko, Baba Mai Guga. Yi yadda kake yi in gani."

Ya juya tafinsa. Gilashin bai motsa ba. Likita ya yi dariya har gilashin goshinsa ya zamo kan hanci.

"Lafiyarsa lau. Ba ya ganin idonka, motsi kawai yake ji. An koya masa cewa mai son ganin lokaci zai ɗaga hannu ya juyo shi haka, da ɗan kuzari. Kai kuma ka kifa masa fuska ciki, kana lallaɓa hannu kamar mai tsoron tada jariri. Ta ina zai gane da shi kake?"

"To in ina rataye kaya fa? Wa ya kira shi?"

"Tsammani yake kai ne. Ko a hannun masu ɗaura shi daidai ma haka suke, wani lokaci su buɗe, wani lokaci su yi kunnen uwar shegu. Ka mayar da shi waje, zai fi."

Ya mayar. Rabin wuni ya yi yana juya tafi yana kallon ƙarfen maɗauri, sau biyu kuma gilashin ya gogi gefen dutsen guga. Hannun da ya tsufa a kan hanya ɗaya bai karɓi sabon karatu ba. Kafin azahar fuskar ta koma ciki.

Sannu a hankali ya daina jin haushin abin. Ya lura cewa in ya gama riga, ya sa ta a marataya, ya miƙa hannu zuwa bututu, yakan ɗan dakata. Mafi yawan lokuta hasken yakan zo. Ba ya daɗewa, ɗan kaɗan ne, a gefen ido. Sai ya gyaɗa kai ya jawo wata rigar. Likita ya fara jin magana ta bango, ƙasa-ƙasa, ya leƙo ya ga ba kowa.

"Da wa kake hira, Baba?"

"Da Mai Giɓi. Kai koma bakin aikinka."

Sai dai agogon ya riga ya sha jiki a hannun mai shi na farko, batirinsa ba ƙarfi. Hannun mai guga kuwa ba ya hutawa. Kowace kaɗawa, kowace ratayewa, haske ne, kowane haske kuma yana ɗiban rabonsa. Kafin la'asar cajin ya yi ƙasa. Auta kuma ba ta samun kira sai ta tashi daga aiki, dab da magariba.

Ranar farko da agogon ya mutu kafin kiranta, Allah ya sa Likita yana nan. Ya shigo da gudu da tasa wayar a hannu, muryar Auta na fitowa daga ciki tana rawa.

"Baba! Ina ka shiga? Ka san sau nawa na kira?"

"Ina zan shiga, Auta? Ga ni a inda kika bar ni. Ankwar taki ce ta yi barci."

"Ban gaya wa Yaya ba. Wannan karon ban gaya masa ba. Don Allah Baba kada ka sa in zama maƙaryaciya."

Da aka kashe wayar Likita ya karɓi agogon ya sa a caji, ya shiga taɓe-taɓensa.

"Ga maganin abin. Zan kashe masa wannan buɗe idon gaba ɗaya. In kana son lokaci ka danna maɓalli. Batirin zai kai ka dare har ya yi saura, kiran Auta ba zai sake wuce ka ba."

"Kashe," in ji Baba. "Dama surutunsa ya ishe ni."

Washegari ya buɗe shago da wuri. Akwai kayan wani direban bas, fararen riguna, da labulen wata mata. Ya goge rigar farko, wuya, kafaɗa, hannu, gaba, baya, ya sa a marataya ya miƙa hannu. Ya dakata. Ƙugiyar ta yi ƙara a kan bututu, shi ke nan. Ya goge ta biyu. Wunin nan aiki ya yi sauri, don babu abin tsayawa a kalla. Da rana ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, abin da ba ya yi, yana kallon motoci. Yamma ta yi agogon ya motsa a hannunsa, ya ɗauki waya tun kira na farko, Auta ta yi ta sa masa albarka kamar ita ce babba. Ta ce muryarsa ta yi sanyi, ko jikin ne. Ya ce a'a, tururi ne.

Da safe Likita ya zo buɗe shago ya same shi tsaye a bakin ƙofa, hannu a miƙe.

"Mayar da shi yadda yake."

"Baba, batirin fa?"

"Maɓallin ne ya yi mini ƙanƙanta. Yatsana ba ya kama shi."

Likita ya dubi yatsun, ya dubi fuskarsa. Ya sauko da gilashinsa ya yi abin da aka ce.

"To ka riƙa sa shi a caji da rana. Ko ka kawo nan in sa maka."

"Ina da nawa soket ɗin."

Haka ya riƙa yi. Da azahar sai ya zare dutsen guga ya sa cajar agogo, ya zauna a kan wani bokiti da ya kife, hannu ba komai, yana jiran abu biyu, ɗaya ya cika, ɗaya yana hucewa. Bai taɓa zama a kujerar bakin ƙofa ba. Zaman yakan yi masa tsawo. Wasu ranaku yakan cire agogon tun bai yi rabi ba.

A wannan shekarar aiki ya ja baya. An buɗe wani babban gidan wanki a bakin titi, mai injuna da mota mai kai kaya har gida. Direban bas ya daina zuwa. Masu zuwa sai tsofaffin da suka saba, su ma jefi-jefi. Akwai ranar da zai gama duk abin da aka kawo tun hantsi.

A ƙarshen bututun akwai kayan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, wasu tun maiɗakinsa tana raye. Wata kwat mai ruwan toka, rigunan makaranta da masu su sun girme su, wata doguwar riga ta mace. Wata rana ya sauko da kwat ɗin, ya ce ƙura ta hau ta. Ya fesa mata ruwa, ya goge, ya rataye. Ya sauko da ta kusa da ita. Da ya kai ƙarshe, bayan kwana biyu, sai ya ga ta farkon kamar ta ɗan yamutse. Likita yana ganin tururi na fita daga shagon wuni guda alhali bai ga kowa ya shiga da leda ba. Bai tambaya ba. Sai dai in la'asar ta yi yakan buga bango da ƙarfi ya yi ihu, "Caji, Baba!"

Ranar da Likita ya rufe shago ya tafi sayo kayan gyara, ba wanda ya buga bango.

Baba ya yi niyyar zare dutsen da azahar. Kwat ɗin ce a kan tebur, ya ce bari ya ƙarasa ta. Daga ita sai wando. Can da rana ta karkata ya rataye wata rigar makaranta, haske bai zo ba. Wannan ba sabon abu ba ne, agogon ya saba yin haka, ya buɗe sau uku ya ƙi na huɗu. Ya rataye wata, shiru. Ya ce a ransa yau 'yan miskilancin ne a kusa. Ya sauko da rigar ya sake ratayewa da ɗan kuzari, yadda Likita ya nuna masa. Baƙin gilashi dai iri ɗaya ne, ko fushi yake ko mutuwa ya yi, ba ya faɗa. Maɓallin yana nan a gefe, dannawa ɗaya ta isa a san gaskiya. Ya dube shi. Sai ya jawo doguwar rigar ya shimfiɗa, ya ce wataƙila in ya gama wannan.

A cikin aljihun tebur waya tana ta kuka.

Bai ji tsayuwar mota ba. Inuwa ce ta rufe ƙofa, ya ɗago ya ga babban ɗansa yana haki, rigar ofis ta jiƙe da gumi, waya manne a kunne.

"Ga shi nan," in ji ɗan, ba da shi yake ba. "Lafiyarsa ƙalau. Tsaye yake. Ki daina kuka, na ce ga shi nan a gabana."

Ya sauke wayar. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi rigar da ke kan tebur, irin ɗinkin da aka daina yayinsa tun yana makaranta. Ya dubi bututun. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Baba, kayan wa kake gogewa?"

"Na mutane."

"To," in ji ɗan. Ya sunkuya ya zare wayar dutsen guga daga bango.

A ƙarshen makon aka kwashe shagon. Ba abin kwasa da yawa. Likita ya karɓi kayan da ba a zo nema ba, ya ce zai ajiye ko Allah zai kawo masu su. Ya riƙe hannun tsohon ya daɗe bai saki ba, yana ta faɗin cewa zai zo, ai ba nisa. Kujerar ce kawai Baba ya ce a sa masa a mota.

Ɗakin baƙin yana da kyau. Taga babba, gado mai laushi, soket a kowane bango. Surukarsa mace ce mai kirki, ba ta bari ya ɗauki ko kofi. Kayan gidan mota ke zuwa ta ɗauka, ta dawo da su a goge cikin leda. Yanzu cajin agogon yakan kai dare har ya kwana. Kowace yamma yakan motsa, Baba ya ɗauka, Auta ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, ta ce ai gara haka, ko ba gara haka ba, Baba? Ya ce gara haka. Sauran wunin yana zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa. Jefi-jefi yakan juya tafinsa a hankali.

Wata safiya motar wanki ba ta zo ba. Ɗan ya fita da wata rigar yana mita, ya bar farar da ya so sawa a kan kujerar falo. Surukar tana wanka. Baba ya fito, ya ga rigar, ya ga ƙofar ɗan ɗakin ajiya a buɗe, ga dutsen guga a kan kanta, sabo, ko tabo babu. Ya shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci. Ya jiƙa yatsu a kofi ya yayyafa. Ya kusanto da dutsen kusa da kuncinsa ya ji zafinsa, ya rage kaɗan.

Ya fara da wuya, ciki sannan waje. Ya bi kafaɗa. Ya shimfiɗa hannun dama, ya daidaita ɗinkin da gefen tafinsa, ya ja dutsen sau ɗaya, layi ya fito miƙe. Yana cikin waiwaye yana neman inda aka ajiye marataya a gidan nan sai ga surukar.

"Haba Baba! Ku da aka ce ku huta? In jiri ya ɗebe ku me zan ce musu?" Ta karɓi dutsen daga hannunsa da hannu biyu, cikin ladabi, ta zare wayar. "Ku bar shi, don Allah. Gobe masu wanki za su zo. Ku zo ku zauna, na kawo muku shayi."

"Saura kaɗan, 'yata."

"Na sani, Baba. Ku zo dai."

Ta riƙe masa gwiwar hannu suka nufi ɗaki. Rigar tana nan a kan tebur, hannu ɗaya a miƙe yana huce zafi, ɗayan yana lilo a gefe, a yamutse.